Yaro ya karye a gwiwar hannu, likita ya ce sai tiyata: a yarda ko a kai wa mai ɗori?

Tambaya: "Assalamu alaikum likita. Don Allah shawara nake nema. Ɗana ɗan shekara 6 ne ya faɗo daga kan katanga shekaranjiya da yamma, ya dafa ƙasa da hannun hagu, gwiwar hannun ta kumbura sosai. Mun kai shi asibiti an yi hoto, likita ya ce ƙashin ya karye kuma ya goce gaba ɗaya, sai an shiga da shi tiyata an sa masa waya. Kakarsa ta wajen uba ta ce sam ba za a yanka mata jika a kan karaya ba, a kai shi wurin mai ɗorin unguwarmu da ya taɓa ɗora wa babansa ƙafa yana yaro. Babansa ya rasa wanda zai bi. Yanzu dai yana gida an sa masa filasta ta wucin gadi. Shin dole ne sai tiyatar? Kuma wayar nan za ta zauna a jikinsa har abada ne? Ba za ta hana hannun girma ba?"

Wa alaikumus salam Hajiya, sannu da jinya, Allah ya ba shi lafiya. In na fahimce ki abu uku kike son sani, ko akwai hanyar da za a kauce wa tiyatar, ko mai ɗori zai iya wannan aikin, sai kuma tsoron wayar. Ban ga hoton ba kuma ban taɓa hannun ba, don haka likitan da ya duba shi yana gabana a wannan, amma abin da kika kwatanta, ɗan shekara 6 ya faɗo ya dafa ƙasa, gwiwa ta kumbura, an ce ya goce gaba ɗaya sai waya, to wannan karaya ce da muke gani kusan kullum a asibitin ƙashi musamman lokacin mangwaro da lokacin hutun makaranta. Kuma tun kafin in yi nisa bari in faɗa miki ra'ayina ƙarara, in dai ƙashin ya goce gaba ɗaya kamar yadda aka ce, ki mayar da shi asibiti yau ɗin nan, kar a ƙara kwana ana shawara.

Me ya sa gwiwar hannun yaro ta fita daban

Ƙashin damtse, wato wanda ya taso daga kafaɗa ya sauko, idan ya kusa isa gwiwar hannu sai ya baje ya yi faɗi ya zama siriri sosai a tsakiya, saboda akwai rami a gabansa da wani a bayansa inda ƙasusuwan sangalin hannu ke shiga in an lanƙwasa ko an miƙe. A yaro ɗan shekara 5 zuwa 7 wurin nan bai gama ƙwari ba, ga gaɓoɓinsu da laushi hannun yana miƙewa har ya ɗan zarce baya, to da ya faɗo ya dafa ƙasa da hannu a miƙe sai tsinin gwiwar ya daki siririn wurin daga baya ya ɓalle shi. Ita ce karayar gwiwa da ta fi kowacce yawa a yara, sama da rabin karayar gwiwar hannu da ake kawo mana ita ce.

Mutane suna cewa ai ƙashin yaro ko ya ɗoru a karkace zai miƙe da kansa in yana girma. Akwai gaskiya a maganar, amma ba a ko'ina ba. Ƙashi yana gyara kansa ne a kusa da inda yake tsiro da ƙarfi. Shi ƙashin damtse kusan kashi 80 cikin 100 na tsawonsa daga can saman kafaɗa yake samu, ta wajen gwiwa kashi 20 ne kacal. Shi ya sa yaro zai karye kusa da kafaɗa ko a tsintsiyar hannu mu ga hoton a karkace mu ce a rataye hannun kawai zai gyaru, kuma ya gyaru ɗin, amma a gwiwa yadda ya kama haka zai tafi da shi har girma, musamman in karkacewar ta gefe ce ko ta murɗawa. Ƙafar babansa da mai ɗori ya ɗora ta yi kyau ban musa ba, wataƙila karaya ce a tsakiyar ƙashi wadda dama ko itace aka ɗaura mata za ta haɗe. Wannan ba irinta ba ce.

Abu na biyu da ya fi wancan tayar mana da hankali shi ne abin da ke kwance a gaba da gefen wurin. Babbar jijiyar jinin da ke ciyar da hannu gaba ɗaya ta nan take wucewa, manne da ƙashin, ga kuma manyan jijiyoyi uku masu ba yatsu motsi da ji. In ƙashin ya goce, bakin karayar mai kaifi yana iya tokare su ko ya matse su ko ma su faɗa tsakanin ƙasusuwan biyu. Kusan yaro ɗaya cikin goma masu irin wannan gocewar za ki samu wata jijiyar motsi ta taɓu tun daga faɗuwar.

Ba kowace karaya ake kaiwa tiyata ba

Muna raba ta ne mataki-mataki, da tsarin da wani likita a Amurka mai suna Gartland ya fitar a 1959. Mataki na 1 ƙashin ya tsage amma bai motsa ba, wannan filasta ce kawai ta sati 3 zuwa 4, babu tiyata babu komai. Mataki na 2 ya lanƙwashe baya amma bayan ƙashin bai rabu ba, a nan likitoci ma sukan saɓa, wani ya gyara ya naɗa filasta ya riƙa bibiya da hoto, wani ya sa waya, ni na fi karkata ga waya in dai akwai kumburi ko murɗawa. Mataki na 3 shi ne wanda ƙasusuwan suka rabu kwata-kwata babu abin da ya riƙe su, kuma daga bayaninki nan ɗanki yake. 'Yan'uwanmu na Nijar in suka ji likita ya ce mataki na 4 kar su rikice, su tsarin Faransa suke bi na Lagrange da Rigault mai hawa huɗu, matakinsu na 4 shi ne na 3 ɗin nan da na faɗa.

To me ya sa ba za a ja shi a gyara a naɗa filasta kawai ba ko da ya goce? An yi shekaru ana yin hakan ai. Matsalar ita ce siririn wurin nan ba ya zama in an daidaita shi sai an naɗe gwiwar sosai, hannu ya kusa taɓa kafaɗa, sannan zai tsaya. Gwiwar da ta kumbura kuwa in kika naɗe ta haka kin matse jijiyar jinin nan da na faɗa miki. In kuma kika sassauta don jini ya wuce sai ƙashin ya sake zamewa cikin filastar ba wanda ya sani sai an cire. Ko'ina aka juya akwai asara. Waya ita ta raba wannan gardamar, ita ke riƙe ƙashin, sai a bar gwiwar a ɗan buɗe jini yana gudana yadda yake so.

Abin da ake yi a ɗakin tiyata

A nan nake so ki zauna da kakarsa ki yi mata bayani a hankali, don abin da take hangowa da ta ji an ce tiyata daban yake da abin da za a yi. A mafi yawan lokuta ba a yanka ko'ina. Ana ba yaron maganin barci, in ya yi barci naman jikinsa ya saki sai likita ya ja hannun a hankali ya mayar da ƙashin mazauninsa da hannunsa, kusan abin da mai ɗori ke ƙoƙarin yi ne, bambancin shi ne yaron ba ya ihu ba ya fizgewa, kuma akwai na'urar hoto a gefe da ke nuna ƙashin a allo a take, a duba ta gaba a duba ta gefe har sai an tabbatar ya zauna daidai. Daga nan sai a soka waya 2 ko 3 ta cikin fata daga gefen waje na gwiwar su ratsa karayar su kama ɗaya ɓangaren. Wayar ba ta kai kaurin tsinken tsire ba, wajen milimita 1.6 zuwa 2, santsi ce ba ta da zare irin na noti. Wani likitan Jamus Martin Kirschner ne ya fara amfani da irinta a 1909, don haka ba sabon abu ake gwadawa a kan ɗanki ba. A lanƙwasa bakinta a bar shi a waje, a rufe da auduga, a sa filasta. Yawanci aikin kansa bai fi rabin awa zuwa awa ɗaya ba, washegari ko bayan kwana biyu a sallame ku in yatsu lafiya.

Wani lokaci karayar kan sa dole a ƙara waya ɗaya ta gefen ciki, a nan ne muke taka-tsantsan don akwai jijiyar da ke bi ta wurin, wadda in kika buge gwiwarki kike jin zirr har ƙaramin yatsa, sai a ɗan tsaga fata kaɗan a kauce mata. Ana buɗewa sosai ne kawai in ƙashin ya ƙi komawa saboda nama ko jijiya ta shiga tsakani, ko ƙashin ya huda fata ya fito, ko an gyara amma hannun ya ci gaba da yin fari da sanyi babu jini, ko kuma an makara da zuwa.

Batun wayar ta zauna har abada, a'a. Sati 3 zuwa 4 ake cire ta, a ɗakin duba marasa lafiya, da filaya, ba ma sai an sa shi barci ba, kukan tsoro ya fi na zafi yawa. Ba ƙarfen da ake ɗaura wa manya da noti ba ne, babu zancen zai riƙa jin sanyi da hunturu. Hana girma kuma, siririyar waya mai santsi da ta yi sati huɗu ba ta tsayar da tsiron ƙashi, ga shi dama na ce miki tsawon damtse daga sama yake zuwa.

Ba zan ce miki babu haɗari ba. Bakin wayar kan yi ruwa ko ɗan ƙwayar cuta ta shiga, yawanci da maganin sha da cire wayar yake wucewa. Waya kan zame a sake aiki, ba kasafai ba. Maganin barci ma yana da nasa, shi ya sa za a ce kar ya ci abinci awa 6 kafin a shiga, kuma don Allah kar a tausaya masa a ba shi koko a ɓoye, abin da ke cikin ciki yana iya komawa huhu. In yana da sikila ko asma ko yana mura da tari yanzu, ko wani a dangi ya taɓa samun matsala da maganin barci, ki faɗa wa mai ba da maganin tun kafin ya tambaya.

Maganar mai ɗori

Ni ba na cikin masu zagin masu ɗori a dunƙule, da yawansu gado suka yi kuma sun taimaki mutane a inda babu asibiti, akwai ma waɗanda da sun ga gwiwar yaro suke cewa wannan ba tawa ba ce ku tafi asibiti, waɗannan ina girmama su. Amma hanyar aikin ɗori ita ce a ja, a murza, a jera karare ko tsinke a ɗaure tamau, kuma duk ukun nan su ne ainihin abin da wannan karayar ba ta so. Kumburi yana ci gaba da ƙaruwa har kwana 2 zuwa 3 bayan faɗuwa, ɗaurin kuma ba ya buɗewa, sai naman sangalin hannu ya rasa jini. Awa 6 zuwa 8 kawai nama ke jurewa, bayan haka ya fara mutuwa kuma ba ya dawowa. Abin takaicin shi ne yaron yana ta kuka ana cewa ai ɗori dama da zafi, a daure, zuwa lokacin da kukan zai lafa an ɗauka sauƙi ne alhali jijiyoyin ne suka mutu. Wanda ya tsira da hannun sai ya ƙare da shanyayyen hannu, yatsu a ƙanƙame tsintsiyar hannu a lanƙwashe, abin da wani likitan Jamus Volkmann ya bayyana tun 1881 kuma tun a lokacin ya ɗora laifin a kan matsattsen bandeji. Wanda bai tsira ba hannun ya yi baƙi ya ruɓe sai yankewa. Da yawa daga likitocin ƙashin da suka yi aiki a Arewa sun yanke hannun yaron da abin da ya same shi tun farko karaya ce da waya biyu za ta gyara, kuma wallahi babu aikin da na tsana kamar wannan.

Ko da an tsallake wannan, abin da ya fi yawa shi ne hannun ya haɗe a karkace, in yaron ya miƙe shi sai ki ga sangalin ya lanƙwaso ciki wajen jiki. Yana aiki da shi, yana rubutu yana cin abinci, shi ya sa ake cewa ɗori ya yi kyau, sai ya shiga sakandare yara sun fara tsokana, ko yarinya ce an fara zancen aure, sannan a dawo mana. Gyaransa a lokacin sai an yanka da gaske, a sare ƙashin a cire wani yanki a sake daidaitawa, aikin da ya fi na yanzu girma da tsada da tabo. Murzar da ake yi da man shafawa kullum ita ma tana sa wani ƙashi ya tsiro a cikin naman gaban gwiwa ya kulle ta, ba ta miƙewa ba ta lanƙwashewa.

Lokaci, da abin da za ki duba a daren nan

In jini yana gudana lafiya, a kwana ɗaya a yi aikin da safe ba matsala ba ce, mu ma mukan yi hakan. Amma ƙashin yaro yana saurin kamawa, daga wajen sati ɗaya zuwa kwana 10 ya fara ɗanko a inda yake, jan hannu ba zai mayar da shi ba sai an buɗe. Wato yankan da kaka ke gudu jinkiri ne zai jawo shi. Yau kwana biyu, har yanzu kuna cikin lokaci.

Kafin ku isa, ki duba yatsunsa. Ki danna farcensa ya yi fari ki saki, ya kamata ja ya dawo cikin daƙiƙa 2. Ki taɓa ki ji ko da ɗumi kamar na ɗaya hannun. Ki ce ya ɗaga babban yatsa sama, ya haɗa kan babban yatsa da manuniya su yi zobe, ya ware yatsunsa ya haɗe, kowanne jijiya ɗaya yake gwadawa. In ya kasa ɗaya ki faɗa wa likita kafin aiki don a rubuta, kuma kar hankalinki ya tashi, yawancinsu suna farfaɗowa da kansu cikin wata 2 zuwa 3, wasu har wata 6. Wanda ba a jira da shi shi ne hannu ya yi fari ko shuɗi ko sanyi, ko ciwo yana ƙaruwa maganin da ke kwantar da shi ɗazu ya daina, ko ya ƙwalla ƙara in kin ɗan miƙar masa da yatsu, ko ya kasa zama wuri ɗaya sai juyi yake. Ko ƙarfe biyun dare ne ku tafi, kuma wannan gargaɗin yana nan har bayan tiyata, filastar asibiti ma tana iya matsewa.

Ki nemi inda akwai likitan ƙashi da na'urar hoton cikin tiyata. A Kano akwai asibitin ƙashi na Dala da asibitin Malam Aminu Kano, a Zariya akwai na Shika, Sakkwato da Maiduguri da Jos duk akwai asibitocin koyarwa. In wuri babu na'urar, likita zai iya buɗewa kaɗan ya gani da ido ya sa wayar, ko a kwantar da yaro a rataye hannun da nauyi na sati 2 zuwa 3, tsohuwar hanya ce amma tana aiki a hannun wanda ya iya. In kuɗi ne ke sa babansa jan ƙafa, don sau da yawa shi ne ainihin maganar ba a dai faɗa ne, ku tambayi ofishin walwalar marasa lafiya na asibitin, in kuma kuna da inshorar lafiya ta wurin aiki ku tafi da katin.

Bayan an cire waya gwiwar za ta yi tauri, ba zai iya miƙe ta duka ba, wannan daidai ne. Ku bar shi ya yi wasansa, ya ci abinci da kansa ya sa riga da kansa, yawancin motsin yana dawowa cikin wata 2 zuwa 3, ragowar a hankali har shekara. Yawancin yara ba sa ma buƙatar zuwa gashin ƙashi. Kar a ba shi bokitin ruwa ya ɗauka wai don hannu ya miƙe, kar wani kawu ya zo yana ja da ƙarfi, wannan ne ke ƙara kulle ta. Hawa katanga da bishiya da kokawa kuma a dakata sai likita ya ce.

Abu ɗaya da zan so ki tambayi likitan, wace karayar ce takamaimai, don akwai wata da ke kama da wannan a waje amma halinta daban, inda ɓangaren waje na ƙarshen ƙashin ne ke ɓallewa ya shiga cikin gaɓar. Ita ce ta biyu a yawa, kuma mayaudariya ce, kumburinta kaɗan ne, a hoto ma ɗan ɓalli ake gani saboda yawancin wurin guringuntsi ne da hoto ba ya nunawa a wannan shekarun. In ta goce sama da milimita 2 sai an gyara an riƙe ta da waya, sau da yawa da buɗewa, kuma takan ɗauki sati 4 zuwa 6 kafin a cire, in an bar ta kuwa tana iya ƙin haɗewa sam, hannu ya riƙa karkata waje, bayan shekaru ƙaramin yatsa da na kusa da shi su fara mutuwa. In ita ce to lissafin kwanakin da na ba ki zai ɗan canja, amma shawarar komawa asibiti tana nan yadda take.

Ita kuma kaka, in da hali ku tafi da ita, ki roƙi likitan ya nuna mata hoton da idonta ya kuma nuna mata irin wayar. Na sha ganin tsofaffin da suka shigo da faɗa, da suka ga yadda ƙasusuwan suka rabu a hoto suka ji ba yanka za a yi ba, su da kansu suke cewa ɗan nasu ya sa hannu a takardar.